Yawon Garin da Ba Ka Taɓa Kai Ni Ba

Assalamu alaikum, Baban Nafisa.

Bayan gaisuwa irin wadda na saba yi maka da safe in na ajiye maka shayi, ina roƙon Allah Ya sanyaya makwancinka. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Babu mai kai saƙo inda kake, kuma ko da akwai, rubutuna ya lalace, ya yi manya-manya yana hawa yana gangara, da ka gani dariya za ka yi mini. Amma bakina cike yake da labari, kuma kai ne ya kamata ka fara ji.

Mun dawo Alsawra, unguwarmu ta nan Omdurman. Gidanmu na nan, sai dai ƙofar da aka ɓalle, kuma mijin Nafisa ya gyara ta. Lemon tsamin da ka shuka ya bushe, dalbejiyar kuwa ko a jikinta. Maƙwabciyarmu Hajiya Batula ma ta dawo, bakinta bai ragu ko kaɗan ba. Kowa ya shigo gaisuwa sai ya tambayi inda muka baro ka, in ce Gadarif, can inda muka yi gudun hijira lokacin yaƙi, kusa da kabarin kawunka. Har yanzu in na faɗi haka sai in ji kamar mantuwa muka yi, za mu koma mu ɗauko ka.

To, ga abin da nake ta kewayewa. Idona ne. Ciwon sukarin nan ya cinye na hagu gaba ɗaya, na dama kuma ina gani da shi kamar ta cikin siririn mayafi. Nafisa ta kai ni wurin likita, ya haska, ya duba, sannan ya juya gare ta ya rage murya ya yi mata bayani da Larabci. Ka ji fa! Ni da aka haifa a garin nan, uwata ma nan aka haife ta, wai ni za a ɓoye wa magana da Larabci. Na ji komai. Ya ce abin ba ya komawa baya, kuma wanda ya rage ɗin ma ba zai daɗe ba.

Ban yi kuka a can ba, sai da muka dawo gida. Da na gama, sai na zauna na tambayi kaina: me nake so in gani kafin duhu ya rufe? Fuskar jikokina na haddace ta. Ka'aba na gani, Alhamdulillahi. Abin da ya zo mini ya ba ni mamaki, har da ɗan haushi. Yawonka nake so in gani.

Shekara da shekaru wannan ce sana'arka. Duk Bahaushen da ya sauka garin nan, ɗalibi ne daga Kano, ɗan kasuwa ne daga Damagaram, mai neman magani ne, ko mai cigiyar dangin da suka taho aikin hajji da ƙafa suka zauna, kai ake nuna masa. Ku cika motar abokinka Malam Haruna tun da hantsi, ka zaga da su Omdurman da Khartoum, ka nuna musu inda aka yi tarihi. Kuma ina yawon yake ƙarewa? Tsakar gidana. Kai da kanka kake gaya musu cewa zangon ƙarshe ya fi kowanne, domin akwai tuwo da miyar kuka da ba su ci ba tun da suka bar gida, ga kuma kisra ga mai son ɗanɗana na gari. Ni ma ina cikin abubuwan kallon ke nan, sai dai ni ba na motsawa daga gindin murhu.

Shi ya sa ban taɓa zuwa ba. Kana can kana nuna wa baƙi gari, ina nan ina tuƙa musu tuwo. Na sha wuce wuraren nan a motar haya kan hanyar biki ko asibiti, in hango su ta taga, amma ban taɓa sauka ba. Lokaci-lokaci kakan ce wata rana za ka kai ni, in baƙi sun yi sauƙi. Ni kuma in ce wa zai duba tukunya? Baban Nafisa, ba amsa nake ba ka ba, jira nake ka matsa. Da sau ɗaya ka ce yau a bar tukunyar ta ƙone, wallahi da ko takalmi ban tsaya nema ba. Abin ya daɗe yana cina, ban taɓa faɗa maka ba, don na ga yadda kake alfahari da girkin nan. Ka sani kuwa? Ko kai ma jira kake in nema da gaske?

Amma labarin kam na san shi kaf. Bayan cin abinci baƙi su baje a tabarma su yi ta tambaya, kai kuma ka sake ɗauko shi daga farko, ni ina bayan taga ina wanke-wanke ina saurare. In ka samo sabon labari wurin wani tsoho, a kaina kake fara gwada shi kana aski. Na san inda kake ɗaga murya, na san inda kake yin shiru don su matso.

Da na gaya wa Nafisa, sai ta ce Yumma, yadda take kirana da Larabci, gari bai gama warkewa ba, me za ki gani ban da ɓarna? Na ce ɓarnar ma ina so, idona ne, ni zan kashe ragowarsa inda na ga dama. Ta ga ba wasa nake ba, ta aika aka kira Malam Haruna. Ya tsufa, Baban Nafisa, wuyansa duk ya zube. Motar da kuka yi yawo da ita an tafi da ita lokacin yaƙi, yanzu ta surukinsa yake ja. Da ya ji buƙatata sai ya sunkuyar da kai, ya ce hanya kam ko da ido a rufe zai kai ni, amma bayani ba shi da shi. Ashe duk shekarun nan bai taɓa shiga ko wuri ɗaya ba! Kullum yana waje yana gadin mota da jakunkunan baƙi. Ya san inuwar da ake ajiye mota a kowane zango, ya san mai shayin da ke kusa, abin da ke bayan ƙofa kuwa bai sani ba. Na ce masa to madalla, an haɗu. Kai ka san hanya, ni na san magana, mu je.

Muka fita da hantsi yadda kake yi, ni da shi da Nafisa. Na sa farin tob, lafayar nan da ka sayo mini, wanda nake ta ajiya.

Kubbar Mahadi muka fara. Ita kam na gan ta, domin rana na dukan kanta tana walƙiya, ko idona bai iya musunta ta ba. Na tsaya a filin, ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na fara daga inda kake farawa, yadda filin nan yake cika da masallata har ba a ganin ƙasa, yadda mutanenmu na yamma suka baro hanyar Makka suka tsaya a nan. Da na zo inda kake gyaran murya kafin ka ambaci kakanka, sai ni ma na gyara. Ban yi da gangan ba. Na waiga na ga Malam Haruna ya juya mana baya yana goge fuska da bakin rawaninsa.

Gidan Halifa, magajin Mahadi, a rufe muka tarar da shi. Mai gadin ya ce ba a shiga tukuna, kuma abubuwa da yawa na ciki ba sa nan. Nafisa ta yi masa bayanin idona, sai ya buɗe mana muka tsaya a farfajiya. Na shafa bango, jan bulo ne mai sanyi. Na tambayi mai gadin tsohuwar motar nan da kake ba da labari, da rigunan yaƙi masu faci, ya ce Hajiya, ma'alesh, ki yi haƙuri, kada ki tambaye ni. Ban matsa ba. Na jero wa Malam Haruna kayan ɗaki-ɗaki yadda kake jerowa, yana gyaɗa kai kamar ga su nan a gabansa. Wannan ce shigarsa ta farko, kuma ya zo a makare kamar ni.

Sai ganuwar bakin kogi, wadda kuke ce wa Tabiya. Kai, Baban Nafisa! Ashe haka kake shara ta? Kai da ka ce bango ne mai kauri da tsayi, harsashin igwa ya shige shi ya ɓace. Ina ta ɗaga kai ina neman ƙarshensa, Nafisa ta kama hannuna ta ɗora a kai, ta ce ga shi nan. Ginin laka ne, wallahi katangar Hajiya Batula ta kusa fin shi tsayi, ga akuya a gindinsa tana tuƙa. Na yi dariya har sai da na zauna a ƙasa. Rabona da irin wannan dariya tun kana da rai. Daga baya na leƙa ta ramin da masu bindiga ke leƙawa, na tuna mutane sun durƙusa a nan suna jiran jiragen ruwa masu wuta, da wannan ɗan bangon kawai a gabansu. Sai dariyar ta tsaya. Wataƙila kai ba tsayin bangon kake aunawa ba.

Da azahar muka yi salla, Malam Haruna ya tsaya da mu wurin mai agashe, inda kake tsayar da baƙi ka ce musu su ɗanɗana su faɗi ko ba tsirenmu ba ne ya canja suna. Tsohon mai gashin ya rasu, ɗansa ke riƙe da wurin. Yajinsa bai kai na uban ba, na gaya masa kuwa, ya ce zai gyara. Yau ce rana ta farko da aka yi yawonka aka ci abincin da ba ni na dafa ba.

Bayan la'asar muka haye gada zuwa Khartoum, muka gangara Mugran, inda kogunan biyu suke haɗuwa. Na san nan ne ka fi so, domin in kana labarinsa muryarka takan yi ƙasa. Kakan ce farin kogi yana tahowa daga kudu a hankali, ɗan'uwansa yana gangarowa daga duwatsun Habasha da jar ƙasa a jikinsa, su haɗu amma ba su gauraya nan take ba. Sai su yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowa da launinsa, da layi a tsakaninsu kamar ɗinki a tsakiyar zane. Ka san ni da tsoron gada. Duk rayuwata in mota ta hau ta, runtse ido nake ina karanto addu'a har mu sauka. Sau nawa na bi ta kan wurin nan da lafiyayyun idanu biyu a rufe?

Suka riƙe ni har bakin ruwa. Damina ce, kogi ya cika, Malam Haruna ya ce yau layin ya fito sosai, mun yi sa'a. Na buɗe ido iyakar ƙarfina. Na rufe na hagun da hannu, ko da yake ba ya aikin komai. Na goge na daman da gefen tob, na matsa gaba har ruwa ya taɓa takalmina.

Ban gani ba, Baban Nafisa. Ruwa dai na gani, fili guda mai haske, launi ɗaya daga nan har inda ya ɓace. Nafisa tana ta nuna mini da yatsa, tana cewa can, Yumma, can daidai kwale-kwalen nan, Hausarta ta ƙare ta koma Larabci. Na so in ce mata na gani don hankalinta ya kwanta, na kasa. Na ce ta yi shiru, ta bar ni.

Na zauna a kan wani dutse, raina ya ɓaci, kuma da kai nake fushi, gara in faɗa maka gaskiya. Shekarun nan duka, la'asar ɗaya tak ta gagare mu? Na yi kukana, babu wanda ya hana ni. Da na gaji, sai na ji ina faɗin maganarka a hankali, tun daga farin kogin da ke tahowa daga kudu. Na faɗe ta har ƙarshe, ba don kowa ba. Iska na kaɗawa, ina jin ƙanshin laka, ina jin ruwan yana wucewa. Kafin in kai ƙarshe fushin ya sauka.

Ga abin da na dawo da shi. Kubba na gan ta, yanzu tawa ce. Gidan Halifa na taɓa shi, Tabiya kuwa na kama ka dumu-dumu. Duk abin da idona ya gani ya koma daidai girmansa. Haɗuwar kogunan nan kaɗai ta ƙi ni, don haka tana nan yadda ka ba ni ita, ba ta ragu ba, kuma babu wanda zai zo ya ce mini ka ƙara gishiri. Nan da ɗan lokaci komai zai koma haka, sai abin da aka faɗa mini. Na ji tsoron wannan duhun ƙwarai, har yanzu ma ina ji. Amma na tuna na yi shekaru ina ganin garin nan ta bayan taga da muryarka kawai, kuma ban taɓa jin ya yi mini duhu ba.

Na yafe maka la'asar ɗin nan, kai ma ka yafe mini tukunyata. Zan tsaya nan, domin layukan sun fara haɗewa, na daina ganin inda alƙalamin yake sauka, kuma ina jin wannan ce takarda ta ƙarshe da zan rubuta da hannuna. Na ji daɗi da ta zama taka. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa mu a inda babu mai tsayawa gadin tukunya.

Sai mun zo.

Taka, Maman Nafisa,
Alsawra, Omdurman.