Gwadon da Kika Warware a Kuseri

Bololo, Injamena, daminar 1980

Zuwa ga Hansatu, habibati, ruwan randata a tsakiyar bazara, inuwar ɗorawar da nake fakewa, wadda sunanta kaɗai ke hana ni jin ƙarar bindigogin garin nan. Gaisuwa mai yawa daga Zakiru masaƙi, wanda har watanni uku da suka wuce yake mijinki, yau kuwa bai san da wane suna zai kira kansa ba.

Na gode, Hansatu. Da wannan zan fara, don na san idan na fara da ban haƙuri hawaye za su jiƙa takardar kafin in kai ga godiya.

Kin tuna ranar da kika fara tsayawa a bakin rumfata, kin fito daga unguwar Mursal da kwanon awara a ka? Kika tsokane ni wai ƙaton namiji ya wuni yana saƙa abin da bai fi faɗin tafin hannu ba. Ni kuwa don in burge ki na hau cika baki. Na nuna miki cewa kowane falle yana da bakinsa hagu da dama, ba ya zarewa, shi kaɗai ma tufa ne, a yi majanyi da shi ko rawani ko ɗamara. A ɗinke takwas kuma su zama gwado, ba tare da ko ɗaya ya daina zama kansa ba. Kika yi dariya har wushiryarki ta bayyana. Wayyo, wannan dariya! Ashe ke kin riƙe karatun, malamin ne ya manta.

Da yaƙi ya ci unguwarmu kika haye kogin Shari zuwa Kuseri da mahaifiyata Goggo, ni na tsaya gadin gida da masaƙa. Sai ga Ilyasu mai kwalekwale ya kawo mini falle ɗaya na gwadon aurenmu, wanda na saƙa miki da hannuna. Akwai wata al'ada ta gidanmu na masaƙa da ban taɓa faɗa miki ba: matar da ta warware gwadon aurenta ta aiko wa miji da falle, ta ce ta gama zama ke nan. Ban tambayi komai ba. Zuciya ta ɗebe ni, na rubuta saki ɗaya na damƙa masa. Kai, tir da wannan hannu nawa! Ina ma harsashi ya same shi a ranar!

Sai jiya Ilyasu ya sake samun hanyar hayowa, ya zaunar da ni ya ba ni labari tiryan-tiryan, da saƙon Goggo a bakinsa. Ashe ɓarɓashin bam ya yanki ƙafar Goggo a bakin kogi, babu ƙyalle mai tsabta a duk sansanin 'yan gudun hijira, kika sa allura kika bi ɗinkin gwadon kina warwarewa a hankali, ko zare ɗaya na saƙar ba ki yanke ba. Falle biyu suka ɗaure mata rauni. Uku suka zama likkafanin maƙwabciyarmu Mariya, Allah ya jiƙanta. Ɗaya kika goya jaririyar da ta bari da shi, ɗaya kike tace musu ruwan kogi da shi. Na takwas kuwa, wanda na karanta a matsayin sallama, kin aiko ne in naɗe ƙirjina saboda tarin da ke kama ni kowace damina.

Ni fa? Me na saka miki da shi? Takarda. Kika karɓa, kika ninke, kika ci gaba da wanke ƙafar uwar mutumin da ya sake ki, safe da yamma, ba ki ko faɗa mata ba sai da ta gani a fuskarki. Wace irin zuciya Allah ya dasa miki, ya farin watana? Da wane baki zan gode? Goggo tana taka ƙafarta yau saboda ke. 'Yar Mariya tana da bayan da take barci a kai saboda ke.

Shekara huɗu ina kallon ki a matsayin wani yanki na gidana, kamar yadda hannuna yake nawa. Gaskiya ne, ke ta gidan nan ce, da babu ke ya zama kango tun kafin bam ya taɓa katangarsa. Amma da yaƙi ya zare ki daga cikinmu ba ki zube ba. Kin tsaya cikakkiyar mace mai hankalinta da shawararta, har wasu suka raɓu da ke suka rayu. Ni da nake ganin ni ne gwadon gaba ɗaya, ga ni nan ko shayi ba na iya haɗawa daidai.

Goggo ta aiko cewa iddarki ta kusa cika, bai fi kwana goma ba. Limamin unguwa ya ce mini shari'a ta ba ni dama, in buɗe baki kawai in ce na mayar da ke a gaban shaidu biyu, kalas, shi ke nan, ko ba a tambaye ki ba. Wallahi kalmar tana kan harshena, tana ƙona ni kamar garwashi. Amma na yanke hukunci a kanki sau ɗaya ban ji ta bakinki ba, ba zan ƙara ba.

Ilyasu zai dawo ran Alhamis in hanya ta yi kyau. Ki ba shi kalma ɗaya, ki taimake ni, Hansatu, ina son ki, ina son ki fiye da yadda na iya faɗa lokacin da kike kusa. In kin ce e, zan rufe rumfa in hayo a kwalekwalen da ya kawo amsar. In ya dawo babu saƙo, zan kama bakina har kwanakin su ƙare, ki zama mai ikon kanki, kuma godiyata ba za ta ragu da ƙwayar gero ba.

Naki, ko kin dawo ko ba ki dawo ba, har ranar da za a miƙe ni a ƙasa,

Zakiru