Alamar jikin kwalin biskit

Talata da dare, Maris 2006

Yau a tashar bas Alhaji Idi mai tasi ya gan ni da littafin tarihin Yahudawa da na aro a laburare. Ya leƙa bangon, ya ja tsaki.

"Sani, Amurka ta cinye ka. Waɗannan har sai an karanta su? Ka wanke hannu kafin ka taɓa Alƙur'ani."

Na ce, "To, Alhaji."

Bai taɓa ko shan shayi da Bayahude ba, bai buɗe shafi ɗaya ba, amma kullum shi ne gwanin saninsu. Duk iliminsa a kaset ɗin motarsa ya tsinta.

Abin takaicin, shi ya kai ni kanti a titin Wendover satin da na sauka ƙasar nan, ya nuna mini wata 'yar alama a jikin kwalin biskit, ya ce, "In ka ga wannan ci abinka, babu alade." Ɗazu a babin abincinsu na gano malaman Yahudawa ne ke ba da ita.

Shekara tara da ya yi a Amurka suna tsare masa cikinsa. Bakin ne dai ya rasa mai tsarewa.