Tumfafiyar Hamida

Asabar, 14 Afrilu 2012

Na je gayaunar da Baba ya bar mini a bayan gari. Sarƙaƙiya ta cinye ta, ko akuya ba ta ratsawa. Shekara uku ba wanda ya sa mata fartanya, tun da muka bar noma muka koma dutsen zinariya. Tumfafiya guda ta saura a bakin hanya. A gindinta ɗiyata Hamida take tsayawa tana bin malam-buɗe-littafi, irin jajayen nan masu baƙin gefe. Da tana raye, bana shekararta biyar.

Talata, 24 Afrilu

Na fara sara da addar maigidana Manu. Hannuwana duk ƙaya. Ya ce, "Madalla, gero za mu sa. Kin ga rumbu ba kome." Na ce tumfafiya zan shuka, ganyenta tsutsar malam-buɗe-littafi ke ci. Ya daɗe yana dubana, sannan ya ɗauki buta ya fita.

Gaskiya gare shi. Abinci muke bukata.

Juma'a, 18 Mayu

Bari in rubuta ko sau ɗaya ne. Manu ya kawo dutsen zinariyar gida, amma ni na daka. A turmina, a tsakar gida, Hamida na zaune gefena tana wasa da garin. Har dariya na yi ranar da ta shafe fuskarta da shi. Ban san da gubar dalma a ciki ba, sai da ta kashe ta. Likitocin da suka zo daga Anka sun ce ba wanda ya sani. An kwashe ƙasar gidan an zuba sabuwa.

Amma ni na daka.

Lahadi, 17 Yuni

Ruwa ya sauka, irin da na watsa ya tsiro. Inna ta biyo ni har gona. "Jamilatu, mi kika yi haka? Mutane na tuge tumfafiya, ke kina shibkawa? Cewa ake kin taɓu." Na ce su ce. Ta ce Wanda Ya ba ni Shi Ya karɓa, in bar ja da Shi. Ba ja nake ba.

Laraba, 8 Agusta

Sarƙaƙiya ta sake tohowa daga saiwa. Da azumi a bakina na yi ta tono har jiri ya zaunar da ni.

Alhamis, 23 Agusta

Na tarar an tone saiwoyin gefen gabas kaf, an tara su wuri ɗaya. Sawun takalmin Manu ne. Da na koma gida na tarar yana cire ƙaya a tafin hannu da allurata. Na karɓi allurar na cire masa.

Alhamis, 13 Satumba

Tsutsotsi masu zanen baƙi da rawaya sun yi wa ganye kaca-kaca, yau kuma na ƙirga malam-buɗe-littafi tara. Na ɗauka zan ji sauƙi. Kuka na yi.

A haka maƙwabciyata Marka ta same ni, ta fito itace. Yara biyu ta binne a wata guda, shekarar da Hamida ta rasu. Ta sauke kayanta ta zauna, tana kallon malam-buɗe-littafin. Can ta ce, "Ni ma turmina ne, Jamilatu." Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Muka zauna har aka kira la'asar.

Litinin, 8 Oktoba

Na ce wa Manu baɗi ya sa gero a rabin gabas.

Jiya Marka ta yi mini kitso, tana ba ni labarin tunkiyarta da ta shiga masallaci ana tsakiyar salla. Na yi dariya har da hawaye. Sai da na ɗora tukunyar tuwo na tuna ban je gona ba, wuni guda cur.

Na jira zuciyata ta tuhume ni. Ta tuhuma, amma kaɗan. Kitson ya yi kyau.