Littafi Mai Baƙin Bango

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara, ina roƙon ki karanta wannan takarda ke kaɗai. Da gangan na rubuta ta da biro, domin a makon nan na tabbatar cewa na'ura ba ta mantuwa.

Kin tuna ranar da kika roƙe ni in duba miki abin da ke kawo maigidanki asibitinmu kowane wata, tunda ya ƙi faɗa miki. Na kawo miki sakamakon, amma ban faɗa miki ta inda na bi ba. Aikina na magatakarda bai wuce sunaye da ranakun zuwa ba. Sai dai tun da aka kawo mana kwamfuta, na koye ta daga 'yan ƙasidun da ake rabawa, har abokan aiki suka mayar da ni malaminsu. Masu yawan mantuwa suka riƙa ba ni ajiyar kalmomin sirrinsu, ina rubutawa a wani ƙaramin littafi mai baƙin bango da ke aljihun teburina. Da kalmar matar da ke gwajin jini na shiga. Minti huɗu na yi.

Shekaranjiya maigidanki ya kai ƙorafi ofishin shugaba, cewa an fitar da sirrin lafiyarsa. Da aka bincika, na'ura ta nuna sunan matar da rana da lokaci. An dakatar da ita, kuma ranar Alhamis kwamiti zai zauna a kan korarta. Ta biyo ta gaban teburina da jakarta a kafaɗa, ta ce, "Malam, taya ni da addu'a, wallahi ko buɗe fayil ɗin nan ban yi ba." Na ce mata, "Allah ya bayyana gaskiya." Da bakina na faɗa, Yaya. A jikin bangon da ke bayana kuwa akwai sanarwar da ta hana amfani da kalmar sirrin wani. Ni na buga ta, ni na manna ta da gam.

Me kika faɗa wa maigidanki? Ki ba ni amsa kafin Alhamis.

Ƙaninki mai biyayya.

*

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Wai takarda da biro, kai da gidanka bai fi tafiyar minti goma ba! Furfura ta cika maka kai, har yau kana rawar jiki kamar ranar da ka fasa madubin Inna.

Ni ban kama sunanka ba. Maigida ya kai cokali cikin gwangwanin sukari ne, bakina ya suɓuce, na ce, "Wanda sukarin jininsa ya kai ɗari uku da goma ne zai ƙara wannan?" Ya ajiye cokalin, ya ce, "Wa ya ba ki lambar?" Na ce mafarki na yi. Bai yi dariya ba. Ashe saboda hawan jinina yake ɓoyewa, yana jira sukarin nasa ya sauka tukuna. Ni kuwa na ɗauka mutuwa yake ɓoye mini. Kwana uku ke nan ba na iya haɗa ido da shi.

Ka yi shiru, ka ji ko? Ita matar tana da takardun makaranta, ko'ina za a ɗauke ta. Kai fa, a shekarunka, wa zai ɗauke ka da karatun ƙasida? Ka ƙona littafin nan yau. Na san ba daidai nake faɗa maka ba, amma kai ne ƙanina, ita ko fuskarta ban sani ba.

Ka gaida matarka.

Yayarka.

*

Zuwa ga mijin Yayata, babban yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, duk da ban tabbata ina da sauran fuskar gaishe ka ba.

Mutumin da ka kai ƙara ba matar gwajin jini ba ce. Ni ne. Na buɗe fayil ɗinka da kalmar sirrinta, wadda ta ba ni ajiya bisa amana. Yaya ta roƙa ne saboda tsoro, amma hannun nawa ne, kuma ni na san dokar, har sashenta na haddace.

Jiya na ɗauki littafin da kalmomin suke ciki, da ashana, na fita bayan gida. Sai na lura cewa shi kaɗai ne shaidar da za ta wanke ta. Yau da safe na miƙa shi ga kwamiti, a buɗe, a shafi na bakwai, inda kalmar sirrinta take. Abokan aiki goma sha ɗaya da sunayensu ke ciki duk an kira su, saboda ni. An mayar da matar bakin aikinta nan take. Da muka haɗu a baranda ta tsaya, ta ce, "Malam, ga shi addu'arka ta karɓu." Ta wuce. Da ta zage ni, da ya fi mini sauƙi.

An karɓi makullin ofis daga hannuna. Sun ce hukuncina yana jiran abin da mai ƙara zai ce. Ba don ka janye na rubuto ba. Na rubuto ne domin kada ka ji daga bakin wani.

Naka, cikin jin kunya.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Na karanta, Yayarka ma ta karanta.

Ban janye ba, kuma ban san ko zan janye ba. Amma ranar Talata ina da gwaji, idona kuma ba ya ganin ƙananan rubutu. Tunda ba ka zuwa aiki, ka zo ka raka ni. Idan takardar ta fito, ni zan miƙa maka da hannuna, ka karanta mini.

Kafin nan, ka je ka nemi gafarar matar nan. Ba da biro ba.

Mijin Yayarka.