Jar Fitila Tana Neman Raba Ni da Makulli

Zuwa ga Mai Filin Shawara,

Don girman Allah ka taimake ni tun ban aikata abin da zan yi da-na-sani ba, don raina ya gama ɓaci. Ni direba ne. A soja na koyi tuƙi a ƙasar Bama lokacin yaƙin duniya na biyu, yau shekara goma sha uku hannuna na kan sitiyari, ban taɓa ƙona inji ba. Yanzu ina jan sabuwar motar haya ta wani attajiri a Batsari, bari in kira shi Alhaji Ɗantsoho ko da yake ba sunansa ke nan ba. Ya rantse in watan nan ya mutu abin da zan gaya maka bai daina ba, zai karɓe makulli ya ba wani Lado, mutumin da jiya-jiya ya bar korar jakai.

A allon gaban direba akwai wata 'yar jar fitila da ke kamawa in inji ya yi zafi fiye da kima. Mako uku ke nan tana kamawa ba gaira ba dalili. Alhaji kuwa a gidan gaba yake zama, da ta ƙyafta sai ya daka mini tsawa in tsaya. In sauka, in jira inji ya huce, in buɗe lagireto, ruwa cike maƙil. Ranar kasuwar da ta wuce sau shida muka tsaya tsakanin Runka da Safana. Goggo Saude mai kai man shanu kasuwa, da ta ga manta ya narke a ƙwarya, ta ce da ta hau gurguwar saniyarta da tuni ta isa. Mota ta kwashe da dariya, ni ake yi wa.

A tsayawa ta shida haushi ya ɗebe ni, na murɗe murfin ban jira ba, tururi ya saluɓe mini bayan hannu. Ko sannu Alhaji bai ce ba. Cewa ya yi ga shaida nan, fitilar Bature ba ta ƙarya, ɗan Adam ne ke yi, wai ƙyuya ce ta hana ni kula da mota. A gaban mata da yara! Wane inji ne zai yi mil goma ruwansa bai yi zafi ba?

Shekaranjiya da hantsi ina wankin inji na gano bakin zaren. Mahaifin Alhaji, Malam Kabo, wanda a gabansa na yi karatun allo har na sauke, ya rubuta wa motar layar tsari. Kowa a gaban gilashi yake rataye tasa, amma Alhaji ya ce ai daga inji masifa ke farawa. Sai ya je da kansa ya ɗaure ta da wayar ƙarfe a jikin siririyar wayar da ta fito daga kan inji zuwa fitilar. Ƙarfen ya cinye robar. In muka hau gargada layar ta yi lilo, tsirarar waya ta taɓa jikin inji, fitila ta kama. Na murɗa makulli inji na sanyi ƙalau, na girgiza layar, sai ga ja.

To a wurinmu ba mai kwance layar da Malam ya bayar sai da izininsa. In na taɓa, a ce tsohon soja ya dawo da raina ayar Allah. In na gaya wa Alhaji hannunsa ne ya jawo, ba zai taɓa yarda ba, na san halinsa. Abu biyu ke raina: ko in zare ƙwan fitilar a ɓoye kowa ya huta, ko in jefa masa makullinsa a tsakiyar tasha. Ina da mata da 'ya'ya huɗu, shi ya sa har yanzu ban jefa ba.

Naka,
Mai Ƙunar Hannu, Batsari

Malam Mai Ƙunar Hannu,

Sannu da hannu, tunda ba wanda ya ce maka. Bincikenka daidai ne. Fitilar da ta kama inji na sanyi ba zafi take nunawa ba, wayarta ce ke taɓa ƙarfe.

Amma shawarwarinka biyu duk na banza ne. Ka zare ƙwai, ran da fambel, wato bel ɗin fankar inji, ya tsinke ko tiyo ya fashe da mutum talatin a bayanka, wa zai gaya maka? Sai ka ƙona injinka na farko, ka gaskata zagin da aka yi maka. Ka jefar da makulli, Lado ya ɗauka, Batsari ta ce ashe dai fitila ce mai gaskiya.

Alhaji ya yi laifi da ya ci mutuncinka a bainar jama'a, wannan ba ja. Sai dai tsayar da mota in ja ya kama ba wauta ba ce. Mutumin bai san inji ba, fitilar nan ita kaɗai ya iya karantawa. Ƙunar hannunka kuwa aikinka ne. Direban shekara goma sha uku ya san ba a buɗe lagireto da fushi.

Kuma ka daina cewa laya. Laifin wayar ƙarfe ne. Kada ka tunkari ɗan, wurin uban za ka. Ka bari ya tashi daga karatun safe, ka durƙusa ka gaishe shi yadda ka saba, ka gaya masa komai ba ƙari ba ragi. Ka haɗa masa da wata gaskiyar da fushi ya hana ka gani: rubutunsa na can cikin baƙin mai da hayaƙi. Ban san malamin da zai ji haka ya ce a bar shi nan ba. Shi zai sa ɗansa ya kwance ta, ya mayar da ita wuri mai tsabta.

Sa'an nan ka naɗe wayar da roba, ka bi ta tun daga inji har allo ko akwai wani wurin da ya goge. Ka duba fambel da tiyo da gindin lagireto. In ta ƙara kamawa bayan haka, ka tsaya da kanka tun ba a yi maka tsawa ba, ka kai wa makanike a Katsina.

Mafi wuya shi ne ka kama bakinka yayin da Alhaji ke kwance wayar. Kada ka yi murmushi, kada ka kai labarin tasha. Irinsa ba sa furta ban haƙuri. In wata ya mutu, gari ya waye, ya miƙo maka makulli kamar kullum, to ban haƙurinsa ke nan, ka karɓa da hannu biyu.

Allah ya ba hannu lafiya, ya sanyaya zuciya, ya kiyaye hanya.

Mai Filin Shawara