Na'urar POS ɗin da na zaɓar wa yayan matata

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a zage ni. Abin da na samu a wannan lamari shi ne laima ɗaya mai tambarin kamfani, riga ɗaya, da ragin caji na wata uku. Abin da yayan matata ya rasa kuwa, san noma ɗaya ne, da muƙamin ma'ajin ƙungiyar manoman garinsu, kuma yanzu sunansa na shirin bin su.

Ni dillalin hatsi ne a Kankia. Da kwano ɗaya na faro, yau ina loda mota, kuma ban taɓa jin kunyar cin riba ba. Na'urorin POS biyu gare ni na kamfanoni daban-daban. Ɗaya tana karɓar kowane layin waya, ɗayar kuwa da layinta a ciki take zuwa, ba a canzawa. Wakilin kamfanin ta biyun ya ce mani in na kawo mutum uku suka karɓi na'urarsu za a rage mani caji. Na samo biyu, saura ɗaya.

Ina cikin neman na ukun ne yayan matata, bari in kira shi Yaya Lawal, ya zo daga Mawashi. Ya ce mutanensu sun gaji da zuwa Kusada cirar kuɗi, ya sayar da sa ɗaya don ya yi jari, yana son in zaɓar mashi na'ura. Har da zolaya, wai tunda suka ba ni ƙanwarsa Binta kyauta, ai shawara ma kyauta zan ba shi. Muka yi dariya. Ya ce, "Kai ne mai ido a harkar nan. Wadda ka nuna, ita zan ɗauka."

Jama'a, na san layin na'ura ta biyun nan ba ya kamawa sosai a Mawashi. Nakan je garin sayen dawa, sau nawa na hau bayan mota ina ɗaga na'urar sama, in gaji in ɗauko ɗayar? Amma na dubi mutumin nan na ce ta biyun ta fi sauƙin caji. Gaskiya ne, ta fi. Sauran maganar ce na haɗiye. Na ce wa kaina ƙila a gyara sabis ɗin kafin kaka.

Ba a gyara ba. Sai mutum ya sa kati, na'ura ta yi ta juyi ta ce bai yi ba, ga alat a wayarsa an cire kuɗi. Wa zai fahimtar da tsohon da ɗansa ya turo mashi kuɗin magani cewa sai ya jira banki? Yaya Lawal ba ya son hayaniya, sai ya riƙa biya daga aljihunsa. In banki ya mayar wa mai kati, wani ya kawo, wani ya yi shiru. Da jarin ya ƙare ya daina biya, sai aka fara cewa da na'urar yake yankar mutane. Ƙungiya ta karɓe littafinta daga hannunsa. Binta ta yi ta kuka tana Allah ya isa ga kamfani, ni kuwa ina zaune ƙarƙashin laimarsu a bakin shago.

Shekaranjiya ya zo. Ya rame. Ya ce mai unguwa ya sa zama ranar Juma'a bayan masallaci, shi ya sa ya zo roƙona in je in shaida cewa na'urar ta gaskiya ce, tunda ni ma irinta nake aiki da ita. Ya ce, "Kai kaɗai za su ji maganarka. Kar ka bari a kira ni ɓarawo gaban 'ya'yana." Na ce in sha Allahu, na kasa kallon idonsa.

Na juya lissafin nan ta kowace fuska, bai fita ba. In na ce na'ura lafiyarta lau, to shi ne ɓarawon ke nan. In na ce laifin sabis ne, manoman da za su zauna wurin su ne suka sha ganina a bayan mota ina ɗaga ta, ɗaya cikinsu zai tambaye ni me ya sa na zaɓar mashi ita. Zan iya saya mashi sa gobe, da wata na'urar, kuɗin ba su fi ƙarfina ba. Amma sa ba zai wanke shi a wurin zaman ba, sai bakina. In na buɗe shi kuma, da wane ido Binta za ta dube ni, kuma wa zai sake auna mani dawa a Mawashi?

Ragin cajin ya ƙare tun watan jiya, rigar na ba mai gadi, laimar ma ta yage. Saura kwana uku Juma'a. Me zan yi?