Zargin da na yi wa Sadisu

Daren Laraba, Soron Ɗinki

Barci ya ƙi zuwa. Yau na raka ƙanena Sadisu asibiti karɓar sakamakon gwajin hantarsa. Wata uku ke nan ina zargin giya yake sha a ɓoye. Har matsawa nake kusa da shi a sahun sallah ko zan ji wari. Na kai ƙararsa wajen Baffa, aka zaunar da shi aka yi masa tatas.

A gabansa na tambayi likita. Ta ajiye biro ta ce, "Malam, ba giya ba ce, cutar hanta ce. Wataƙila tun haihuwa ya ɗauka daga jikin uwa. Duk ƙwayar halittar hanta da cutar ta shiga, jiki ne ke ba ta umarnin ta kashe kanta. Garin haka hantar ke jin jiki."

Na rasa inda zan sa fuskata. A adaidaita na yi ta neman bakin ba shi haƙuri, na kasa. Muna kaiwa Shahuci ya dafa gwiwata ya ce, "Yaya, don Allah gobe ka koma a gwada ka. Uwarmu fa ɗaya."